Yadda Na Koyi Ƙwallon Raga Da Girmana

 Labarin da zan ba ku na wasan ƙwallo ne, amma kada wani dattijo ya ji haka ya rufe littafin, ya ce wannan sha'anin yara ne. Ni ma da na ke ba ku labarin na ba shekara 40 baya, furfura ta fara yi mini sallama a gemu. Kafin kuma in kai ku filin ƙwallo, sai na fara biyawa da ku ta wani wuri in faɗa muku wani laifi da na yi, gama ba domin laifin nan ba da ban ɗauki alƙalami na rubuta kome ba.

Ni akawu ne. Tun ina saurayi aikina ke nan, rubutu da kwafe takardu da adana fayil. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da firamare, amma Allah ya ba ni kyawun hannu, har in an sami takardar da a ke so ta fita tsaf, ni a kan miƙa wa. Saboda haka sa'ad da aka buɗe ajin manya a unguwarmu, aka roƙe ni in riƙa taimakawa da dare bayan sallar lisha, na kuwa yarda.

A cikin ɗalibaina akwai wani maƙeri, dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Kansa yana ja ƙwarai. Ba a yi wata biyu ba ya san haruffa duka, in na rubuta kalma a allo ya kan riga samari karantawa. Amma da an ce a ɗauki fensir sai aiki ya tsaya. Ya kan damƙe fensirin da yatsu biyar kamar ya riƙe awartaki, ya danna har bakin ya karye, ko takardar ta huje. Harafin da a ke so ya zauna kan layi sai ka gan shi ya haye layi uku. Na nuna masa, na sake nunawa, na kama hannunsa na ja. Ran nan da dare na zo a gajiye, na ga ya karya fensir na biyu, sai na ce, "Haba Baba! Ai yaro ɗan shekara shida ya kan iya wannan cikin kwana uku." 'Yan aji suka yi dariya. Shi kuwa bai yi fushi a fuska ba, ya dube ni ya ce, "Gaskiyarka, Malam." Ya naɗe littafinsa ya sa a aljihu, ya zauna har aka tashi. Daga ran nan ban sake ganinsa a aji ba. Ban kuma bi sawunsa ba. Na ce a raina icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, na bar maganar a nan.

Bayan kamar shekara guda sai ciwon kai ya matsa mini, na tafi asibiti. Likita ya auna ni ya ce hawan jini ya fara kama ni. Ya ba ni magani, ya hana ni yawan gishiri, sa'an nan ya ce zaman kujera daga safe zuwa la'asar ba zai bar ni lafiya ba, lalle in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi.

To, a kan hanyata ta komawa gida akwai wani fili bayan makaranta, inda samari ke ƙwallon raga tsakanin la'asar da magariba. Domin wanda bai taɓa gani ba, ga yadda wasan ya ke. Filin tsawonsa mita 18, faɗinsa mita 9, an raba shi biyu da raga wadda aka ɗaure a sama jikin sanduna. Tsayin ragar daga ƙasa mita 2.43 ne in maza ke wasa, in mata ne mita 2.24. Kowane gefe mutum 6. Ƙwallon ba ta da nauyi, ba ta wuce giram 280. Abin nema shi ne ka tsallakar da ita bisa raga ta faɗi ƙasa a gefen abokan karawarka. Ba a cafe ta, ba a riƙe ta, bugu kaɗai a ke yi, kuma gefe ɗaya ba shi da ikon bugun da ya wuce uku kafin ta tsallaka. Waɗanda suka fara kai maki 25, da ratar maki biyu, su suka ci wannan zagaye.

Na yi shekaru ina tsayawa kallo a bakin filin nan, har na san dokokin kamar alƙalin wasa. In wani ya kuskure, ni ke fara cewa, "Kash! Ai da ya rage tsawo." Ku dai kun sani, a kowane wasa ɗan kallo ya fi kowa iyawa. Gwaninsu kuwa duka ba kowa ba ne illa masinjan ofishinmu, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda na ke aika kullum ya kai takarda ko ya sayo mini goro. Mai kula da su wani malamin makaranta ne da ya yi karatun wasanni da motsa jiki a kwaleji.

Da na ba malamin nan labarin abin da likita ya ce, sai ya yi murmushi ya ce ai wasan nan domin irina aka ƙago shi. Ya ce a shekarar 1895 wani mutum mai suna Wiliyam Morgan, mai koyar da motsa jiki a wata ƙungiyar samarin Kirista a garin Holyoke na ƙasar Amurka, ya ga ƙwallon kwando, wadda aka ƙago a 1891, ta yi wa manyan mutane tsanani, saboda gudu da bangazar juna. Sai ya shirya musu wasan da raga za ta shiga tsakani, ba mai taɓa jikin wani. 'Yan kasuwa da ma'aikatan ofis masu tumbi su ne suka fara yin sa. Da na ji haka sai zuciyata ta yi ƙarfi. Na sa tela ya ɗinka mini wando mai sauƙi wanda ya rufe gwiwa, gama ban ga ranar da zan fita da gajeren wando a gaban surukaina ba.

Ranar da na fara shiga ba zan manta da ita ba. Aka tsai da ni a baya. Aka bugo ƙwallon farko, na ga tana zuwa, na kuma san sarai abin da ya kamata in yi: in haɗa hannuwa, in miƙe su, in rage tsawo, in tare ta tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Duk wannan yana cikin kaina a jere kamar fayil a kabad. Amma kafin saƙon ya sauko daga kai zuwa ƙafa, ƙwallon ta riga ta faɗi a gabana. Ta biyu na kai mata duka da ƙarfi, ta tashi ta baya ta faɗa gonar makaranta. Ta uku ta same ni a goshi, hulata ta yi nata wuri. Yaran da ke kallo suka fashe da dariya, har wani yana birgima. Masinjanmu ya ruga ya ɗauko hular ya kaɗe, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Sannu, Yallaɓai. Kowa da haka ya fara." Ladabin nan nasa ya fi dariyar yaran yi mini ciwo.

Na koma gida hannuwana sun yi jawur, suna zafi kamar an zuba barkono. Uwargida ta duba ta ce, "Malam, yanzu da girmanka? Likita cewa ya yi ka motsa jiki, bai ce ka je yara su mai da kai abin kallo ba." Ban ba ta amsa ba, domin ban da ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaya mutum zai san abu sarai a kansa, jikinsa kuwa ya ƙi bin umurni?

Washegari na ce wa masinjan ya riƙa zuwa da wuri ya koya mini kafin jama'a su taru. Ya yarda, amma kunya ta hana shi gyara mini sosai, in kuma ya buɗe baki sai ya zubo abu goma a lokaci guda: ƙafa kaza, gwiwa kaza, kafaɗa kaza, manyan yatsu su jeru, ido a kan ƙwallo. In na tuna ƙafa sai in manta hannu, in na tuna hannu sai ƙafa ta kafe. Malamin nan ya tsaya yana kallonmu, can sai ya ce wa yaron, "Bar shi da abu ɗaya. Yau kada ka ce masa kome sai dai ya isa wurin da ƙwallon za ta sauka kafin ta sauka. Ko bai buga ba, ya isa." Muka yi mako guda a kan haka. Ya jefo, in matsa, ta faɗo a hannuna. Sai da ƙafa ta fara ganewa, kana muka koma kan hannu.

Malamin ya bayyana mini dalili. Ya ce a shekarar 1967 waɗansu masana biyu na Amurka, Fitts da Posner, sun kasa koyon aikin jiki mataki uku. A mataki na fari kai ne ke yin aikin duka, mutum yana faɗa wa kansa kowane motsi, ga jinkiri, ga yawan kuskure, ba ya kuma sanin inda kuskuren ya fito. Kan mutum a sa'an nan kamar hannu ne da ya cika da kaya, in ka ƙara masa ɗaya sai wani ya faɗi. A mataki na biyu motsin ya fara haɗuwa, kuskure ya ragu, babbar alamarsa kuwa ita ce mai koyo ya fara gane kuskurensa da kansa tun ba a faɗa masa ba. A na uku jiki ya karɓi aikin, mutum yana yi yana tunanin wani abu dabam. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe can wajen ƙeya wanda ke daidaita motsi, yana gyara shi kaɗan-kaɗan duk sa'ad da aka yi aka kuskure. Shi wannan sashe ba ya jin wa'azi, sai an yi.

Da na ji wannan sai na ga ashe na daɗe da sanin abin, sunansa ne ban sani ba. A makarantar allo mun yi babbaƙu, muna bin harafi ɗaya-ɗaya da tsinke, sa'an nan farfaru, sa'an nan aka wayi gari harshe yana gudu shi kaɗai. Haka kuma sa'ad da na koyi tafireta a farkon aikina. Na yi watanni ina farautar haruffa da yatsa guda. Yau kuwa in ka tambaye ni inda harafi kaza ya ke a kan kwamfutar ofis sai na yi tunani, amma yatsuna su kan same shi ina hira da wani. Na manta da wahalar da na sha ne kawai, har na ɗauka da iyawata aka haife ni.

Daga nan sai haɗama ta kama ni. Na ce tun da yi ne magani, bari in yi mai yawa in huta. Wata Asabar na ari ƙwallo, na tsaya gaban katangar bayan gidana tun hantsi, ina bugawa tana dawowa, sai sallar azahar ta tashe ni, na kuma koma har la'asar. Tun wajen tsakiyar aikin hannuwana suka mutu, bugun ya lalace, amma na ƙi bari. Can wajen ƙarshe na ɗaga yatsu zan tura ta sama, ta zo ta sami manuniyata ta dama a tsaye, na yi targaɗe. Akawu da kumburarren yatsa! Na yi kwana takwas ban iya riƙe alƙalami ba, takardu suka taru, maigidana a ofis ya kira ni ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba tun da na kama aiki. Da na warke na koma fili, sai na tarar abin da na iya bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba.

Malamin ya yi mini jaje, sa'an nan ya ba ni labarin da ya dace da mai aiki irin nawa. A ƙasar Ingila an taɓa kawo injin rarraba wasiƙu wanda sai an iya buga haruffa kamar na tafireta, ya zama tilas a koya wa ma'aikatan gidan waya. Waɗansu masana, Baddeley da Longman, suka kasa su kashi 4. Waɗansu suna koyo awa ɗaya a yini, waɗansu awa biyu, waɗansu har awa huɗu. Sakamakon ya fito a 1978. Masu awa ɗaya a yini su ne suka iya da mafi ƙarancin awoyi in an haɗa jimla, masu awa huɗu kuwa suka fi kowa ɓarnar lokaci. Abin dariya, da aka tambaye su, masu awa ɗayan nan su suka fi kowa ƙorafi, domin kwanakinsu sun fi yawa, suna ganin an bar su a baya. Ya ƙara da cewa barci ma yana cikin koyo, gama abin da hannu ya yi da rana ya kan ƙara zama a cikin dare. Na koma yin kamar minti 20 kowace rana. Sau da yawa abin da ya gagare ni jiya da yamma sai in ga yau ya zo da sauƙi, alhali ban yi kome a tsakani ba sai barci.

Akwai kuma ranar da masinjan ya yi mini wata dabara. Ya daɗe yana cewa, "Yallaɓai, a ɗan ƙara rage tsawo," ni kuwa ina cewa ai na rage, in na ƙara sai dai in zauna. Da ya ga gardama ba ta dace tsakaninsa da ni ba, sai ya ba wani yaro wayarsa ya ɗauki hotona mai motsi, ya kawo mini ba tare da ya ce uffan ba. Na duba, sai ga wani mutum a miƙe sak kamar taɓarya, yana wurgi da hannuwa sama kamar mai korar kaji. Wallahi da ba domin wandon ba da na ce ba ni ba ne. Ashe abin da jiki ke gaya wa mai koyo ba kullum ya ke gaskiya ba. Gani ya kori ji. Daga ran nan na bar musu.

Wani abin da ya taimake ni shi ne da aka ce in bar tunanin hannuwana. Malamin ya tsai da yaro kusa da raga ya ɗaga hannu, ya ce mini, "Kada ka kula da yadda ka ke yi. Ka sa ƙwallon ta hau sama ta sauko a kan yaron nan." Da hankalina ya bar jikina ya koma kan wurin da na ke so ta je, sai kafaɗuna suka saki, hannuwan suka daidaita kansu. Game da turawa da yatsu kuwa, bayani mai tsawo bai amfane ni ba, sai da masinjan ya ce in yi kamar na ɗaga ƙwaryar fura da hannu biyu zuwa goshi. Nan take yatsuna suka buɗe yadda a ke so.

Katangar gidana ma ta yaudare ni. Na kai ina bugu talatin a jere ba ta faɗi ba, na shiga wasa ina taƙama, sai na ga kamar ban taɓa koyo ba. Dalili kuwa, katanga tana maido maka da abin da ka ba ta, a inda ka sa rai. Mutum ba haka ya ke ba. Wannan ya bugo da ƙarfi, wancan a hankali, wata ta zo dama, wata ta taɓa raga ta karkace, ga iska, ga rana a ido. Saboda haka muka sake tsari, masinjan ya riƙa jefo mini yadda ya ga dama, gajere da dogo, sama da ƙasa, ba ya faɗa mini wadda ke zuwa. Kuskurena ya ƙaru a wajen koyo, har na yi ta gunaguni, amma a cikin wasa sai ya ragu.

A wata na huɗu kome ya tsaya cik. Ba gaba, ba baya. Kusan mako shida ina zuwa kullum, yau kamar jiya. Malamin ya ce wannan ma sananne ne, tun a 1897 waɗansu masana, Bryan da Harter, sun lura da shi wajen masu koyon karɓar saƙon tangarahu. Mutum ya yi ta ci gaba, sa'an nan ya tsaya makonni, kana ya zabura. A ganinsu, lokacin tsayawar nan ne kunne ke barin jin harafi ɗaya-ɗaya yana koyon jin kalma ɗungum. Ku da kuka yi aji kun san wannan wuri, inda mutum ya san haruffa duka amma karatu ya ƙi gudu. Na ji bayaninsa, amma bai sanyaya mini rai ba.

A cikin kwanakin nan ne wata yamma muna wasa, maki ya yi kusa, aka bugo mini wata ƙwallo mai sauƙi ƙwarai, na zubar. Wani saurayi a gefenmu, wanda a haife na haife shi, ya juyo a fusace ya ce, "Haba Baba! Ai ƙanena ɗan firamare ma ya iya tare wannan." Aka yi dariya. Masinjan ya daka masa tsawa, yaron ya zo ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Ni kuwa na ji bakina yana cewa, "Gaskiyarka, yaro." Da kalmar ta fita sai gabana ya faɗi, domin na san inda na taɓa jin ta.

Daren nan ban yi barci ba. Na yi ta ganin maƙerin nan yana naɗe littafinsa. Mutumin da kansa ya riga ya gane kome, hannunsa ne kaɗai ke mataki na fari, hannun da ya shekara arba'in yana koyon damƙa da ƙarfi, ni kuwa na ce ya saki cikin wata biyu. Na cika shi da gyara goma a lokaci guda. Na sa shi rubutu awa guda cur bayan ya wuni yana dukan ƙarfe. Na ba shi siririn fensir da ƙananan layuka tun ran farko. Da ya kasa, na auna shi da yaro a gaban jama'a. Ni da aka yi wa sau ɗaya, aka kuma ba ni haƙuri nan take, ga shi na kasa barci, har na ƙudura ba zan koma filin ba. Shi kuwa ba wanda ya ba shi haƙuri.

Na dai koma, domin na ga in na bari ba ni da bakin da zan je in ce wa wani ya dawo. Bayan kamar mako biyu aka bugo wata mai ƙarfi gefen haguna, ban san sa'ad da na matsa ba, sai dai na ga ta tashi lafiya lau ta sauka a hannun mai ɗagawa, masinjan ya yi tsalle ya maka ta ƙasa. Lokacin kuwa tunanina yana kan kuɗin makarantar ɗana. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya ma lura, wannan kuwa shi ya fi yi mini daɗi.

Kada in ruɗe ku, ban zama gwani ba, ba kuwa zan zama ba. Tsallen nan da a ke yi a maka ƙwallo daga saman raga, na san takunsa uku, hagu, dama, hagu, amma gwiwoyina sun ce ba da su ba. Yaro ya fi ni saurin ɗauka, ya fi ni saurin warkewa, wannan gaskiya ne. Gwanintar ƙoli kuma tana da tsada. Matan Japan da suka ci zinariya a Tokiyo a 1964, shekarar da aka fara sa wasan nan cikin Olamfik, yawancinsu ma'aikatan wani kamfanin zare ne, su kan tashi daga aiki su yi ta horo har tsakar dare, suna faɗuwa suna mirginawa suna tashi, shekara da shekaru. Ni ba wannan na ke nema ba. Ina tare tawa, ina tsallakar da sabis ɗina, in an zo raba 'yan wasa ba ni ne na ƙarshen ɗauka ba. Likita kuma ya auna ni ya ce in ci gaba da abin da na ke yi.

Ran wata Jumma'a bayan an sauko daga masallaci na nufi maƙera. Na tarar da shi zaune, jikansa yana zuga, shi kuwa yana ƙera lauje. Na yi sallama, ya amsa da fara'a kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya sa aka shimfiɗa mini buzu. Na daɗe ina kallon hannun nan da na raina. Masaba tana sauka inda ya ke so, ba ta kuskure ko da faɗin ƙwayar dawa, yana yi yana tambayata lafiyar iyali. Na ce, "Baba, ba ni in gwada." Ya yi dariya ya miƙo mini. Dukan fari na sami uwar maƙera, na biyu ƙarfen ya kuɓuce daga awartaki ya faɗi cikin toka. Jikan ya rufe baki yana dariya. Dattijon ya harare shi, ya ce, "Kai, kul! Ni ma shekarata uku ina zuga kafin mahaifina ya bar ni in taɓa masaba."

Na ce, "Baba, na zo neman gafara ne. Maganar da na faɗa maka a aji ban kyauta ba, kuma ba gaskiya ba ce. Laifin koyarwata ne." Ya yi shiru yana juya ƙarfe a wuta, sa'an nan ya ce, "Malam, ya wuce. Amma ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Har yau in an kawo takarda dangwala yatsa na ke yi, alhali ina iya karanta abin da ke ciki." Na roƙe shi ya ba ni wata uku, ba a aji ba, a nan maƙera, minti 15 kowace safiya kafin ya hura wuta, tun hannu bai gaji ba. Ya ce zai duba. Sai da na yi sawu uku kana ya yarda.

Muka fara a ƙasa, yana zana haruffa da tsinken ƙarfe, kowane ɗaya kamar faɗin tafin hannu. Daga nan muka koma gawayi a jikin bango, sa'an nan fensir mai kauri irin na kafinta, wanda ba ya karyewa da wuri. Gyara ɗaya na ke yi masa a rana, in na ga na biyu sai in haɗiye. Na bar ce masa ya sassauta yatsu, sai in ce ya yi zanen da zai iya gogewa da sauƙi. Wata ukun suka wuce ba mu gama ba, muka ƙara waɗansu. Akwai makonnin da kome ya tsaya, ya ce shi ya gaji, na ba shi labarin masu tangarahu da na hulata da ta faɗi, ya yi dariya har da hawaye.

Kwanan baya ƙugiyoyin da ke riƙe ragarmu suka karye, 'yan wasa suka tara kuɗi, na kai masa aikin. Da na je karɓa na tambaye shi nawa ne, sai ya ce in dakata. Ya jawo wata 'yar takarda, ya ɗora a gwiwa, ya rubuta sunansa a sama, a ƙasa kuma ya sa 1500. Biyar ɗin ta juya baya. Na gani, na yi shiru, na sa hannu a aljihu. Ya miƙo mini takardar, sai kuma ya janye, ya ƙura mata ido, ya ce, "A'a, tsaya, Malam. Wannan ta kalli gabas." Ya lashi babban yatsansa ya goge, ya sake rubutawa, sa'an nan ya karɓi kuɗinsa.